Ci Gaba, Zan Goge

"Mujitaba, zo ka kama mana ta wajen kai!"

Imran ne yake kira na daga bayan motar. Ina tsaye a ƙofar gidanmu, hannu a aljihu, tun sa'ad da motar ta shigo layin. Na ji shi sarai. Sai da ya sake kira sannan na taka.

Mahaifinsa, Baba Maikano, yana kwance a kujerar baya, an naɗe shi da bargo duk da zafin da ake yi. Daga asibiti a Kano aka dawo da shi. Hawan jini ne ya kayar da shi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ya karkace. Likita ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Kowa a layinmu ya san abin da ake nufi da haka.

Na sa hannuwana ƙarƙashin kansa. Ba nauyi. Kunnuwansa suka kwanta a tafukana, manya, masu sanyi, furfura ta tsiro a cikinsu. Kunnuwan da ake nema daga Kano da Zariya da Jos. Na daɗe ina tunanin kunnuwan nan. Ban taɓa zaton zan riƙe su ba.

"A hankali, 'ya'yana, a hankali," in ji matarsa, Iya Maijidda, tana biye da mu da leda cike da magunguna.

Za mu wuce da shi cikin gida sai ya damƙi rigar Imran da hannunsa mai lafiya.

"Zau... re."

"Baba, an gyara maka ɗaki a ciki."

"Zaure."

A zauren aka shimfiɗa masa. Ya juya ido ya ganni a kansa, ya daɗe yana kallo na.

"Sannu, Baba," na ce. Iyakar abin da na ce ke nan.

Katanga ɗaya ce tsakanin zauren nan da tsakar gidanmu, a nan Kiru. A cikinsa aka haifi situdiyonsa, Sautin Maikano.

Manya sun ce da tebur ya fara, a Kwanar Ɗangora, da rediyo mai kaset biyu, yana kwafa wa direbobi wa'azi da waƙa. Wai kwafinsa ya fi na asali daɗin ji, don ba ya danna maɓalli ya tafi hira, sai ya zauna yana murɗa wannan yana sassauta wancan. Da ya tara abin da ya tara sai ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya manna tsofaffin katifu da kiret ɗin ƙwai a bangon zaurensa, ya fara ɗaukar murya. Masu bege, 'yan Islamiyya masu walima, makaɗan gangi daga ƙauyuka, duk suna zuwa.

Yana da dokoki biyu da kowa ya sani. Ba ya zubar da ɗanyen aiki, wato abin da aka ɗauka kafin a gyara, komai lalacewarsa. Yana da akwatin ƙarfe da yake tara faya-fayen, makullin a aljihunsa. Sannan kafin mawaƙi ya buɗe baki sai ya kunna na'ura ya ɗauki abin da yake kira shirun ɗaki. Yakan ce babu ɗakin da yake shiru, kowanne da irin hayaniyarsa, sai ka san ta za ka iya cire ta.

Mu maƙwabta kuma namu jan ƙwai ne. Ya ɗaura wani ƙwan lantarki ja a kan katanga, ta inda gidajen da ke kewaye za su gani. In ya kama, ana ɗauka. Mata su ajiye taɓarya, a kore kaji, yaro mai kuka a ba shi nono ko a fita da shi. Ba wanda ya taɓa yin musu. Har alfahari ake yi, wai a layinmu ake yin waƙa.

Innata, Zubaida, surfe da daka take yi wa mutane. Turminta a gindin katangar yake, don nan ne inuwa. A rana sai ta ajiye taɓarya sau nawa saboda jan ƙwai. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Ina aji huɗu a firamare ranar da abin ya faru. Ranar kasuwa ce, layin ba kowa. Babanmu yana gona a Ɗansoshiya, Iya Maijidda ta tafi biki Tudun Wada. Inna tana da tsohon ciki. Na dawo daga makaranta na same ta a ƙasa, a gindin katanga, zaninta ya jiƙe da jini har ya bi ƙasa ya taru a ƙarƙashin turmi. Muryarta ta dushe. Ƙudaje sun riga ni zuwa. A samanta jan ƙwai yana ci.

Na ruga na yi ta dukan ƙofar zauren da hannu da ƙafa. Da aka buɗe, dariya ce ta fara fitowa. Wani saurayi Bafulatani riƙe da sarewa, da Baba Maikano da hedifon, abin sauraron da yake kifawa a kunne, rataye a wuya.

Baba Maikano kaɗai ke da babur a layin a lokacin. Ya hau ya nemo mota, ba zan ce bai yi ba. An kai ta asibiti, aka ciro ƙanwata Fatima da rai. Inna ba ta ga la'asar ba. Ungozomar asibitin ta ce da an kawo ta da wuri.

A zaman makoki Baba Maikano ya yi kuka kamar mace.

"Wallahi ban ji ba, Malam Balarabe," ya ce da Babanmu. "Hedifon na kunnena. Da na ji, me zan tsaya yi?"

Kowa ya yarda. Ni ma na yarda.

Waƙar da suka ɗauka ranar ita ce "Ɗiyar Ruga". Saurayin nan mai sarewa, Buba ɗan Doguwa, ya wayi gari sananne. Babu bikin da za a yi daga Bebeji zuwa Doguwa ba a sa ta ba. Amma masu sana'ar ba Buba suka ji ba, tsabtar sautin suka ji. Suka fara tambaya wa ya yi wannan aiki a ƙauye. Nan da nan Baba Maikano ya bar zaure, ya kama shago a bakin titi, ƙofar gilashi, sola a kan rufi, allo mai sunansa. Daga baya ma ya daina ɗaukar murya, ya tsaya ga gyaran ƙarshe, wanda suke ce wa mastarin. An rera, an haɗa kiɗa da murya, sai a turo masa ta waya ya share datti, ya ɗaga abin da ya nutse, ya danne abin da ke sukar kunne. In ya gama sai ya sa a wata 'yar rediyo da ya ɗaure da roba, ya fita bakin titi ya saurara cikin ƙarar motoci. In ta yi a nan, ta yi. Manyan situdiyo na Kano sun neme shi ya koma wurinsu. Ya ce shi ba ya zama ƙarƙashin kowa, mai so ya turo Kiru.

Ni kuwa na gama sakandare na buɗe 'yar rumfa kusa da tasha, cajin waya da tura waƙa a memori. Ba ranar da ba na tura wa wani "Ɗiyar Ruga".

Bara ne Buba ya tsaya a rumfata. Ya yi ƙiba, ya yi mota, ya zo wasan biki. Ya miƙo mini waya in sa masa a caji, samari suka yanyame shi.

"Ku yaran yanzu me kuka sani?" yana cewa. "Kowane mai waya mawaƙi ne. A sa maka na'ura ta miƙe maka murya kamar ana guga."

"To ku da naku ba a gyarawa, Alhaji?" in ji wani ɗan acaɓa.

"Gyara da gyara. Kai, ka san Maikano kuwa? Ranar da muka ɗauki Ɗiyar Ruga, tun safe muke fama, murya ta ƙi zama. Sai can ta zauna. Ina tsakiyar baiti, wallahi, sai wata mata ta dinga kwarara ihu a bayan katanga. Na tsaya, na ce Malam kamar ana kira. Ka san me ya ce? Ya ce, ci gaba, zan goge." Ya tafa hannu. "Kuma ya goge! Ku je ku saurara, in kun ji ko tari ku zo in ba ku motata."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ai Maikano aljani ne.

Bai san ni ba. Bayan katangar nan gida ɗaya ne, namu.

Na cire wayarsa daga caji na ajiye masa a kan tebur. Ya ce ai ba ta cika ba. Na ce wuta ta ɗauke.

Da yamma na sami Babanmu yana gyara ƙotar fartanya, na faɗa masa. Bai ɗago ba.

"Ko ya ji ko bai ji ba, kwananta ne ya ƙare."

"Baba, ya rantse maka."

"Tsakaninsa da Allah. Maƙwabcinka ne, kuma sa'an ubanka. Kada in sake jin maganar nan a bakinka, balle ta kai kunnen Fatima."

Ban sake ba. Amma na daina cin naman layyar da Baba Maikano yake aiko mana. In ya tsaya yana tsokanar Fatima, yana ce mata amaryarsa, sai in shige ɗaki. Na so in tare shi, amma na san amsar: hedifon na kunnena. Abin da zai ƙaryata shi yana cikin akwatin ƙarfe. Abu ɗaya nake so a duniya, ya saurari muryar nan ina kallon fuskarsa, ya ce da bakinsa ya ji. Yanzu ga shi an dawo da shi a bargo. In ya mutu kafin nan, ya tafi da rantsuwarsa a wanke.

Kwanaki suka yi ta tafiya yana raguwa. Mutane suna shiga suna fita, mawaƙa suna zuwa da lemo da kuka. Ina jin tarinsa ta katanga. Duk sanda ya yi shiru da yawa sai gabana ya faɗi. Babu wanda ya kai ni roƙa masa kwana a layin nan.

Imran ne ya kawo mini abin har rumfa. Tare muka yi makaranta, yanzu shi ke riƙe da situdiyon. Idonsa ya yi ja don rashin barci.

"Mutumina, taimako za ka yi mini. Baba ya matsa sai an sa masa tsofaffin ayyukansa. Ba ya son gyararrun, wai ɗanyen yake so. Faya-fayen sun tsufa, sai an juye su a kwamfuta. Ni ga jinya, ga aikin mutane ya taru."

"Ina suke?"

Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan teburina.

"Allah ya bar zumunci," ya ce.

"Amin."

Akwatin yana warin tsatsa da kyankyaso. Kowane faifai da suna a jikinsa, da rubutun Baba Maikano. Ban sha wahalar gano na Ɗiyar Ruga ba. Na sa shi a kwamfutar Imran, abu biyu suka fito: wani gajere mai suna shiru, da dogo mai sunan waƙar. Na tsallake gajeren. Na juye duka a wayata, na sa abin kunne.

Sarewa. Muryar Buba, siririya a lokacin. Baiti na farko, na biyu. Sai daga can nesa, kamar daga cikin rijiya:

"Malam Maikano! Jama'a! Malam Maikano, ku taimake ni!"

Na manta muryarta. Ban san na manta ba sai da na ji ta.

Sarewa ta tsaya. Buba ya ce kamar ana kira. Sai muryar Baba Maikano, kusa, a natse, ba ko gaggawa: "Ci gaba, zan goge."

Ta ci gaba da kira a ƙarƙashin waƙar har baitin ƙarshe. Tana kira tana raguwa.

Na rufe rumfa da rana tsaka. Ranar ban ci komai ba.

Washegari bayan azahar Imran ya tafi Kano sayen allura. Iya Maijidda ta leƙo gidanmu.

"Mujitaba, ɗan albarka, zo ka zauna da Babanku in ɗora masa kunu. Ka sa masa waƙoƙin nasa, tun safe yake tambaya."

Na shiga. Katifun bango suna nan, sun yi baƙi, ɓeraye sun cinye gefensu. Ɗakin yana warin fitsari da man zafi. Ya rame har haƙarƙarinsa na ƙirguwa ta cikin riga. Tsohon hedifon ɗinsa yana rataye a ƙusa. Na sauko da shi, na haɗa da wayata, na tura ƙofar ciki.

"An... juye?" ya ce. Maganar tana fita ta gefe ɗaya, da yawu.

"An juye, Baba."

Na ɗaga kansa na sa masa. Na gyara shi sosai a kan kunnuwan nan biyu. Na ƙure ƙara.

Da sarewa ta tashi sai ɓarin fuskarsa mai rai ya yi murmushi. Yatsansa na hagu ya fara bugun tabarma. Na durƙusa a gabansa, kusa, yadda ba abin da zai wuce ni. Ina jin waƙar tana tsiyayowa ta gefen hedifon.

Kafin wurin ya zo yatsan ya tsaya. Kafin. Ya san daidai inda take.

Ta yi kira. Idonsa ya rufe. Hannunsa na hagu lafiya lau yake, da ya so da ya ture abin daga kansa. Bai ɗaga shi ba. Na bar ta ta yi ta kiransa har ƙarshe, sannan na zare kunne ɗaya.

"Wa ka ji?"

Ya kawar da fuska.

"Baba Maikano, kai ne mai kunne. Daga Jos ake neman ka. Wa ka ji?"

"Zu... baida."

"Yau ka fara jin ta?"

Ya buɗe ido ya kalle ni.

"A'a."

"Ranar ka ji ta?"

"Na ji."

"Ka ce me?"

Na mayar da wurin, na sa masa muryarsa. Na sake mayarwa. Na sake.

"Ka ce me?"

"Zan... goge."

Na jira in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ba abin da ya sauka.

"Me ya sa?"

"Murya... ta zauna. Tun safe." Ya ja numfashi. "Saura... baiti ɗaya. Na ce... baiti ɗaya ne."

"Baiti uku ne. Na ƙirga."

Hawaye ya gangaro daga ido ɗaya ya shige cikin kunnen da na buɗe. Ya lalubo hannuna, na janye.

"Ka yafe... mini."

"Ni ka yi wa?"

"Mujitaba."

"Ita za ka tambaya. Ai kun kusa haɗuwa."

Na mayar masa da hedifon na sa daga farko. Na zauna na jingina da bango ina kallonsa. Daga cikin gida ina jin Iya Maijidda tana fasa itace, tana yi wa akuya tsawa. Waƙar ta ƙare na sake sawa. Bai roƙe ni in kashe ba. A karo na ƙarshe leɓɓansa suna motsi, na matsa in ji ko salati yake yi.

"Shirun," yake cewa. "Shirun... ɗaki. Ka ji... shirun."

Na ɗauka hankalinsa ne ya fara tafiya, ko kuwa so yake in ba shi hutu. Ban ba shi ba. Sai da na ji takun Iya sannan na cire, na rataye hedifon a ƙusarsa.

"Ah, har da kuka?" ta ce, tana ajiye kwanon kunu. "Ka tuna masa da ƙuruciya. Allah ya yi maka albarka, Mujitaba."

Bai sha kunun ba. Bai sake neman a sa masa komai ba. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina wanke fuska a gindin katanga na ji salatin Iya Maijidda ya tashi.

Jana'izar ta cika. Motoci har bakin titi, mawaƙa da baƙin gilashi suna share hawaye. Bayan an yi salla liman ya juyo.

"Jama'a, Malam Maikano ya riga mu. Mutum ne, yana zaune da mutane. Wanda ya saɓa wa, don Allah ya yafe masa."

"Mun yafe," aka amsa. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Babanmu yana gefena. Ya faɗa da ƙarfi, sannan ya juyo ya kalli bakina. Ya taka mini ƙafa. Bakina yana rufe. A maƙabarta na karɓi shebur na zuba ƙasa har sai da aka ce ya isa, in ba wani.

Buba ya zo ta'aziyya rana ta uku. Aka shimfiɗa masa darduma a ƙofar gida, kusa da Imran. Ya yi addu'a, ya share ido, sannan ya gyara zama.

"Ba za a sake yin kamarsa ba. Bari in ba ku wani labari. Ranar da muka ɗauki Ɗiyar Ruga, ina tsakiyar baiti sai wata mata..."

"Sunanta Zubaida," na ce.

Aka juyo.

"Matar da ta yi ihun. Zubaida sunanta. Ga gidanta nan. Uwata ce, ranar ta rasu."

Bakin Buba ya tsaya a buɗe. Wani dattijo ya ce innalillahi a hankali. Babanmu ya tashi, ya sa takalminsa a hagunce, ya shige gida. Imran yana kallo na, sannan ya kalli Buba, sannan ƙofar zauren. Na ga sanda ya tuna makullin.

"Mujitaba," ya ce, "me ka sa masa ranar?"

"Aikinsa."

Ban jira ba. Tun ranar bai sake yi mini magana ba, Babanmu ma sai gaisuwa. Situdiyon yana nan, aiki bai ragu ba. Har yanzu ana zuwa rumfata a ce in tura Ɗiyar Ruga. Ina turawa.

Sai bayan sadakar bakwai na buɗe gajeren nan mai suna shiru. Ba don marigayin ya ce in ji ba. Ina share abubuwa ne daga wayata, na ga sunan, na danna.

Da fari ba komai sai huci irin na ɗaki rufaffe. Sai taɓarya, dum, dum, dum, daga bayan bango. Kaza ta yi kuka. Aka buɗe taga, muryar Baba Maikano ta fita waje.

"Uwar Mujitaba! An kunna ja fa."

Taɓarya ta tsaya.

"Na gani, sarkin kunne! Saura kaɗan in gama, ko geron ma sai ya yi maka shiru?"

"Har tsakin ma."

Sai ta yi dariya. Doguwa, har da tari a ƙarshe. Na san dariyar nan. Ita take yi in na dawo da riga a yage ina rantsuwa ba faɗa na yi ba.

"To na ajiye. Allah ya ba da sa'a."

Taɓarya ta jingina da bango. Shiru kaɗan. Sannan, ƙasa-ƙasa, ita kaɗai da kanta: "Wash, bayana."

Nan ya ƙare.

Na saurara har wayar ta yi zafi. Ban yafe masa ba. Ina so a san wannan.

Fatima ba ta da hoton Inna, ba a taɓa ɗauka ba. Tana ƙarama takan tambaye ni kamanninta, in ce ta duba madubi. Muryarta kuwa ba ta taɓa tambaya ba, ta san ba amsa.

Akwai 'yar manhajar yanka sauti a wayata, da ita nake yi wa mutane sautin kira. Na buɗe abin a ciki. Muryar ta zama zane, tudu da kwari. Na ja yatsa zuwa ƙarshe, inda wani ɗan tudu yake shi kaɗai bayan shiru. Wash, bayana. Na daɗe da yatsana a kansa. Na yanke. Na saurara, ba alamar an taɓa cire wani abu. Ɗanyen na ajiye shi daban.

Na sami Fatima da la'asar tana tankaɗe a tsakar gida, ta dawo daga Islamiyya ko hijabi ba ta cire ba.

"Ajiye rariyar nan."

"Yaya, tuwo fa zan ɗora."

"Ajiye."

Ta karkaɗe hannu, ta zauna a kan tsohon turmin da aka kife a gindin katanga. Na sa mata abin kunne, na danna. Ta ɗaure fuska tana jira waƙa. Sai na ga girarta ta saki. Ta ɗago ta kalle ni. Na gyaɗa kai.

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi wayar da hannu biyu, garin dawa ya ɓata gilashin. Ya ƙare ta mayar. Ya ƙare ta mayar. A karo na uku bakinta ya fara bin dariyar.

Ta zare kunne ɗaya.

"Yaya, wa take yi wa dariya haka?"

"Wani mutum ne."

Ta mayar da abin kunnen. Kaji suka zo suka kewaye rariyar suna tsattsagar gari, ba ta kore su ba. A saman katanga, daidai kanta, jan ƙwan yana nan a ɗaure da tsohuwar waya, gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da bango.